Giɓin Wuƙar Dogo

Yanzu idan na ce wa mutum ni mai tara wuƙaƙe ne, sai ya dube ni sau biyu. Ko dai ya ɗauka wani attajiri ne ya ɓad da kama, ko kuma ya ɗan ja da baya. Da ba haka abin yake ba. A lokacinmu tara wuƙa sha'awar talaka ce, kamar kiwon tattabaru. Ni ƙaramin ma'aikacin reluwe ne, aikina in bi taragai da guduma ina ƙwanƙwasa ƙafafunsu ina sauraro ko akwai wadda ta tsage. Albashina bai taka kara ya karya ba, amma in wata ya yi, bayan an auni hatsi an ba mai ɗakina na cefane, abin da ya rage a aljihu yana isa in ɗauko wuƙa mai kyau har da kubenta, in kuma tsaya in ci tsire a hanya. Yau ka shiga Kasuwar Sabon Gari ka tambayi irin wannan wuƙar, ka ji abin da za a gaya maka. Wallahi sai ka nemi wurin zama.

Fagge da na tashi a ciki da kunne ake gane ta. Da asuba ladan, bayansa usur ɗin jirgi daga tasha, ran Lahadi kuma iska ta kwaso ƙararrawar coci daga Sabon Gari ta kawo mana har tsakar gida. Amma abin da ba ya yankewa daga hantsi zuwa la'asar shi ne ƙarar guduma daga maƙerar wani tsoho da ke bakin unguwarmu, wanda kowa ke kira Baba Maƙeri. In zugazugi ya yi shiru ka san ya tafi salla. Can nake tarewa in na taso daga aiki, in zauna a kan wani guntun turmi, hayaƙin gawayi na shiga mini ido, ina kallon yadda yake juya jan ƙarfe da awartaki. Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma faɗa ba ya yi masa wuya. Abu biyu ya tsana. Na farko mutumin da zai sayi wuƙa ya rataye don ado. Na biyu wanda zai miƙa wuƙa ko ya karɓe ta a cikin kube bai zare ya duba ba. Na sha jin ya daka wa manyan mutane tsawa a kan haka. «Zare ka gani! Kube na sayar maka ko wuƙa?» Haka zai ce, ko da kuwa Alhaji ne ya zo da mota.

A wannan maƙerar na haɗu da Dogo. Kafinta ne, ɗan ƙabilar Ibo, Kirista, amma a Sabon Gari aka binne cibiyarsa, kuma in ya buɗe baki da Hausa ni Bafagge sai in kama bakina. Yakan kawo kurfi da zarto a gyara masa. Ranar farko ya dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya ce, «Baba, wannan gajeren kai ka ƙera shi ƙarfe ya ƙare?» Na ce ai gara ni, shi da aka manta a wuta ya miƙe ba fasali. Baba ya yi dariya har da tari. Daga ranar na zama Gajere, shi kuma Dogo, kuma ban ƙara jin ya kira ni da sunana na yanka ba har muka tsufa. Sha'awarmu ta zo ɗaya. Sai dai shi wuƙa ɗaya mai kyau ta ishe shi, ni kuwa idona ba ya ƙoshi.

Wata rana na samo wani guntun ƙarfen sifirin na ƙafar tsohon tarago da aka yar a bayan tasha, na kai wa Baba. Ya ɗaga shi ya buga a uwar maƙera, ya kasa kunne, ya ce wannan ƙarfe ne na gaske. Ya raba shi biyu ya ƙera mana wuƙaƙe biyu iri ɗaya sak, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya. Dogo ya sassaƙa ƙotocinsu daga itacen maɗaci guda. Baduku ya ɗinka kube biyu, nawa ja, na Dogo baƙi, don in ba da kuben ba, ko mu masu su ba ma iya bambancewa. Da Baba zai miƙa mana, ya ce, «Ƙarfe ɗaya ne, kada ku raba su. Inda ɗaya ta kwana, ɗayar ma ta kwana.» Mun ɗauka wasa yake yi. Sai ga shi ya zame mana al'ada. In Babbar Salla ta gabato, Dogo zai kawo su biyun gidana, ni in yanka ragon layya, shi ya riƙe ƙafafu, sannan mu feɗe tare, kowa da wuƙa a hannu. Su zauna a wurina har Kirsimeti, in ɗauke su in kai masa Sabon Gari. Ni nake yanka masa akuyarsa, don maƙwabtansa Musulmi da mu 'yan Fagge mu ci ba tare da shakka ba. Da yake Salla tana zagayawa, wata shekara su yi wata goma a gidana, wata shekara ko sati uku ba sa yi. Matanmu suna ce musu tagwaye, su riƙa tsokanarmu wai mun fi kula da su a kan 'ya'yan da muka haifa.

Giɓin da ke wuƙar Dogo ya samu ne a shekarar da aka haifa wa Dogo ɗansa na fari, kwanaki kaɗan kafin Kirsimeti. Murna ta sa ya sayi ƙaton taure wanda ya fi ƙarfin aljihunsa, ya ce lallai da wuƙarsa zan yanka. Gidan haya ne, tsakar gidan cike da mutane, mai jego na leƙowa ta taga da jariri a hannu. Ni kuma ƙuruciya, ina son a ga gwaninta. Na yi bisimilla na ja da ƙarfin da ya wuce kima, tauren ya fizge, wuƙar ta sauka a kan bulon da muka tokare wuyansa da shi. Da na ɗago, sai ga ɗan giɓi a kaifin, kusa da ƙota, bai fi ƙwayar dawa ba. Kunya ta kama ni, na ce gobe zan kai wa Baba ya goge shi. Dogo ya karɓa, ya ɗora babban yatsansa a wurin, ya ce, «Wa zai goge? Bar shi. Shekarar ɗana ce, ta sa hannu.» Yaron bai kai shekara uku ba ƙyanda ta ɗauke shi. A lokacin ba kowa ke da hoto ba, su ma ba su da shi. Dogo ya haifi wasu bayansa, sun girma sun watse garuruwa, amma ban taɓa jin ya ambaci na farin ba. Abin da na sani kawai, duk lokacin da wuƙar ta shiga hannunsa, kafin ya yi komai sai ya zare ta ya ɗora yatsa a giɓin. Shekara arba'in da ɗoriya ina ganin haka, ban taɓa ce masa uffan ba. Duk mai wasa wuƙar da ya karɓe ta sai Dogo ya tsaya a kansa, kada dutse ya kusanci wurin.

Ni kuwa na ci gaba da tarawa. Dogo ya yi mini akwati na katako mai hawa biyu. Akwai wuƙar damtse ta Buzaye da na saya wurin wani mai raƙumi, akwai barhon mahauta, akwai ƙaramar askar wanzami, akwai wata siririya da wani direban jirgi ya kawo mini daga kudu. Ran Asabar bayan hantsi nakan shimfiɗa tabarma a zaure in baje su, in bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma da man kaɗanya saboda tsatsa. Mai ɗakina takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, «Malam, gida cike da wuƙaƙe, ni kuma da dakusasshiya nake yanka albasa.» In ce mata waɗannan ba na albasa ba ne. Kun ga tun a nan na fara saɓa wa Baba, ban ma lura ba.

Abubuwa suka riƙa sauyawa a hankali. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa ba wanda ya gaji guduma, wurin ya zama shagon cajin waya. Jirgi ya yi ƙaranci, aka sallame mu muka koma jiran fansho. Kasuwa ta cika da wuƙaƙen kamfani masu ƙotar roba, ka yi layya ɗaya da su ka yar. Na ɗauka shi ke nan, wuƙar hannu ta zama shara. Ashe akasin haka ne. Sai ga wasu masu kuɗi, na nan gida da na waje, sun shiga sha'awar da a da tamu ce mu talakawa. Ba sa zuwa maƙera su sha hayaƙi, a waya suke ganin hoto su aiko da kuɗi. Wuƙar da muke ɗauka da canjin aljihu ta shiga akwatin gilashi, aka rataya mata takarda. Duk wata sai ka ji an ƙara, ka tambaya a ce dala ce ta tashi. To ina ruwan dala da ƙarfen da aka ƙera a Fagge tun kafin a haifi mai shagon? Na yi shekaru ban ƙara ko guda a akwatina ba. Nakan shiga kasuwa in yi kallo kawai in fito, kamar mai azumi a bakin tukuba.

A wani shago na cikin kasuwar na ga wadda ta kashe ni. Wuƙa ce ta ƙasar waje, jikinta da zane kamar ruwa yana gudu, ƙotar ƙaho ce da zoben tagulla. Tsoho da ni, da furfura, na riƙa komawa ina kallonta kamar saurayi. Mai shagon matashi ne, mai ladabi, ba zan ɗora masa laifin da yake nawa ba. Ranar da na daure na tambayi kuɗinta, da ya faɗa sai na yi dariya, don fanshona na shekara guda bai kai ba. Ya ce, «Baba, na ga kana sonta. An ce kana da tsofaffi na hannu a gida. Ka kawo mu yi musaya mana. Ka ba ni biyar masu kyau, amma a ciki a samu ƙirar tsohon nan na Fagge, ita ake nema.» Na ce masa wannan ba ta sayarwa ba ce. Na fita da fushi. Sati uku na yi ina gardama da zuciyata. Ina cewa ai tawa ce, da ƙarfena aka yi ta, ta Dogo tana nan ba abin da zai taɓa ta. Ina cewa Baba ya daɗe a ƙasa, maganar kada a raba su ai maganar tsofaffi ce. Dogo kuwa a lokacin ciwon suga ya riga ya cinye masa ido, ba ya gani ko kaɗan, na ce ba zai ma san ɗaya ce ta je masa ba sai in na faɗa, in ya tambaya na san abin da zan ce. Kun ji irin lissafin da kwaɗayi ke sa dattijo ya yi.

Bayan Babbar Salla ne, tagwayen suna wurina. Na buɗe akwati na ɗauki huɗu, na ɗauki mai jan kube na cika biyar, na naɗe su a tsumma da sauri don kada mai ɗakina ta gani. Ban zare ba. Ni da na yi shekaru ina jin tsawar Baba a kan wannan, ban zare ba, saboda ba na son in ga fuskar wuƙar da zan rabu da ita. A shagon ma da yaron ya zaro ta yana juyawa, kawar da kai na yi ina kallon sabuwata. Abin da ban sani ba shi ne, ranar Salla bayan fiɗa, da aka wanke wuƙaƙen aka shanya, ni da kaina na mayar da su cikin gaggawa baƙi na jira, na sa ta Dogo a kubena, tawa a nasa.

Sai ana saura kwana shida Kirsimeti na ɗauko baƙin kube don in wasa ta in kai masa. Na zare, na kai yatsa kusa da ƙota, na ji sumul. Na sake shafawa. Na fita tsakar gida na ɗaga ta a rana. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a bakin rijiya. Mai ɗakina na tambayata ko lafiya, na miƙe na wuce ta. Na ɗauki sabuwar wuƙar na tari adaidaita sai kasuwa.

Tana nan a cikin gilashi, a jan kubena, an zare ta rabi, giɓin na kallona. Na ce, «Ɗana, ga taka, ba ni tawa. Sauran huɗun ma na bar maka.» Ya sosa ƙeya ya ce, «Baba, wallahi da ka zo da wuri. Wani ya gani a waya ya riga ya yi magana, ran Juma'a za a aika masa. Giɓin nan ma shi ya ja hankalinsa, ya ce alamar ta yi aiki ce.» Na tambayi nawa mutumin ya saya. Da ya faɗa, sai na ji ya ninka kuɗin ta ƙasar wajen da na yi wa wannan wauta. Ya ce in na kawo daidai haka kafin Juma'a zai ba wa mutumin haƙuri. Washegari na ɗauko akwatin gaba ɗaya, tarin shekara hamsin, na ajiye a gabansa. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da sabuwar, ya faɗi abin da za su yi. Ko rabi bai kai ba. A ranar na gane cewa mu a wurinmu da arha ake saye, tsadar sai an shiga gilashi. Na roƙe shi, na gaya masa labarin yaron da ƙyanda ta ɗauka, har idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce shi ma kayan ba nasa ne shi kaɗai ba. Na zaga wurin mutum biyu da nake ganin za su iya, ba wanda ya gane dalilin da zai sa a kashe irin wannan kuɗi a kan tsohuwar wuƙa. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na koma, na tarar da wurinta wayam.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farko muni, kuma zan faɗe shi tunda na fara. Na ɗauki magagari na zauna a zaure, na auna wurin da ido, na yi wa wuƙata giɓi kusa da ƙota. Na goga da dutse, na shafa mai, na goga da tsumma har hannuna ya gaji. A ido ba ka bambance shi da na asali. Na ce ai makaho ne.

Ranar Kirsimeti da safe na isa gidansa. An dawo daga coci, tsakar gida na ƙamshin shinkafa, akuya na ɗaure a jikin famfo. Yana zaune a kujerar da ya ƙera da hannunsa, ya rame, farar riga ta yi masa yawa. Ya ji takuna ya ce, «Gajere, ka makara. Ko ƙafafun ne suka ƙara gajarta?» Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya miƙo hannu, na ɗora masa baƙin kube. Bai tambayi ɗayar ba tukuna. Ya zare a hankali, ya kai babban yatsa wurin. Yatsan kafinta ne, wanda ya yi shekara sittin yana gane katako a shafa. Ya shafa sau ɗaya. Ya shafa na biyu. Sai na ga ɗan jini ya tsattsafo a yatsan.

Ya ce, «Wannan bai yi sati ba. Nawa ya daɗe da daina cizo.»

Na durƙusa a gabansa, tsofai-tsofai da ni, na gaya masa komai, ban rage ba. Ban ɓoye cewa ba yunwa ce ta sa ni ba, ba asibiti ba, kwaɗayi ne. Na so ya zage ni. Da ya ɗaga murya ya tara mini mutanen gidan, da na ji sauƙi. Ya ajiye wuƙar a kan cinyarsa. Can ya ce, «Shi wanda ya saya, yana yanka da ita?» Na ce a'a, irinsu ajiyewa suke yi a gilashi. Ya gyaɗa kai ya ce, «To ba mai taɓa wurin ke nan.» Ban taɓa ganin hawayen Dogo ba, ko ranar da muka dawo daga binne yaron. Ran nan na gani, suna fitowa daga idon da ba ya gani. Ya share da hannun riga, ya miƙo mini wuƙar ta ƙota, ya ce, «Tashi ka yanka, Gajere. Mutane na jira.» Na yanka. Ban iya cin ko tsoka ɗaya ba.

Na bar masa wuƙar kamar yadda aka saba, ta zauna har Salla. Na ci gaba da zuwa duk Lahadi da yamma, yana tsokanata kamar da, bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban samu bakin tayarwa ba. Bai kai Sallar ba. Bayan an yi kwanaki da binne shi, matarsa ta zo har Fagge da kanta, ta zauna a ɗakin mai ɗakina suka yi kukansu, sannan ta fito da baƙin kube daga jaka ta miƙo mini da hannu biyu. Na zare na duba kafin in karɓa. Ta ce, «Ya bar maka saƙo. Ya ce ka riƙa shafa wurin kullum, wai in an daɗe ana shafawa yana lafawa. Ya ce nasa ma da farko haka ya riƙa yankarsa.»

Akwatin na raba wa mahautan unguwa, kowa ya ɗauki wadda zai yi aiki da ita. Ta ƙasar wajen na ba mai ɗakina, da ita take yanka albasa, ta ce ba ta ma kai tsohuwarta daɗin riƙo ba. Guda ɗaya ta rage mini. Kullum in na dawo daga sallar asuba nakan zauna a zaure in zare ta in ɗora yatsa. Shi ya samu shekara arba'in, ni na san ba ni da su. Ina shafawa dai, kamar yadda ya ce. Har yau yana cizo.